Baturen da Ya Kaɗa Duro a Fadama

Shekarar da na gama makarantar horon malamai, kafin a ba ni aji, na yi wa wani Bature tafinta. Ya zo Haɗeja nazarin tsuntsayen fadama. Dogo ne, ja wur, kullum muna cikin kwalekwale wajen Kirikasamma yana leƙen agwagin ruwa.

Wata rana ya ce kewar gida ta dame shi, kiɗan garinsu yake marmari. Na ɗauka begila zai nema. Sai ya ce in samo tsohon duron mai, in kai shi wurin maƙeri.

A hanya ya ba ni labari. A unguwar da ya tashi a Landan, maƙwabtansu baƙaƙen fata ne da suka yi ƙaura daga tsibiran Karebiya. Su suka zo da kiɗan duro: a lotsa gindinsa, a daddaka shi, kowane gurbi da muryarsa. Duk shekara sukan yi biki a kan titi, Turawa na binsu da rawa, har da mahaifiyarsa. Ya ce yanzu kiɗan mutanen nan ya shiga jinin samarin Ingila, har maganarsu suke kwaikwayo.

Maƙerin dattijo ne, abokin babana. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Ɗan nan, tambaye shi, kifi zai soya ko shinkafa zai turara?"

"Baba, kiɗa zai yi."

"Da duro? Duk arzikin Ingila?"

Wannan ban fassara ba.

Aka yi kwanaki ana bugu. Bature ya tsuguna ya kara kunne, ya ce a ƙara nan, a sassauta can, Baba kuma ya buga inda ya ga dama. Ashe shi ma Baturen bai taɓa ƙerawa ba, gani kawai ya yi. Da aka gama ya naɗa robar taya a kan sanduna, ya soma. Ni dai abin da na ji, kamar jaki ya zubar da kwanukan amarya. Shi kuwa ya lumshe ido yana juya ƙugu, har da ƙwalla.

Washegari ya ɗauki abinsa zuwa fadama, ya kafa a bakin wata gonar shinkafa. Bugun farko, tsuntsayen jan baki da suka addabi gonar suka tashi kamar hadari. Sai ga mai gonar a guje. Na fara haɗa kalmomin ban haƙuri, ya riƙe hannuna.

"Malam, don Allah roƙe shi ya dawo gobe. Ya ɗan zagaya ta gabas."

Bature ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Yana so ka dawo gobe."

Ya dafa ƙirji, ya ce ai ya sani, kiɗan nan ba inda ba ya shiga zuciya.

Har girbi manoma na rububinsa, wannan ya kawo busasshen kifi, wancan zabi. Da zai koma ya bar wa mai gonar duron. Ɗan manomin ya gaji kiɗan, sai dai shi yana da kunne. Ba a jima ba ya fara fitar da amo mai daɗi, jan baki suka dawo suna ci suna saurare. Uban ya ƙwace sandunan ya ba maƙwabcinsa, wani kurma.