Kwandon da Babu Kowa a Cikinsa

Har yau ba na manta safiyar da na ce wa feito ya dakata. Feito shi ne wakilin mai gona, kuma a Bahiya, can ƙetaren teku, ba a ce masa haka, ko da mutum na da takardar 'yanci a aljihu kamar ni.

Shekarata ta huɗu ke nan a aikin kurmi. An sauke wasu dashe daga jirgi a bakin ruwan Agwa di Mininus, ashe da baƙuwar tsutsa suka zo. Kafin damina ta raba, ta cinye ganyen kurmin gabas. Feito ya ce za a ƙone gabas, a haɗa da kurmin yamma, wanda Baba Sule, dattijonmu Bakatsine, ya tsufa yana renonsa.

Baba ya roƙi kwana bakwai don a gane ko tsutsar ta kai yamma. Tun yana yaro mai tsintar tsutsar tsamiya a gida ya san macen faɗa-wuta da ƙamshi take kiran maza. Ga yadda ake yi: a ɗauko kwanson tsutsa, in mace ta fito a rufe ta a ɗan kwando, a shafe bayansa da danƙon wani itace da ake kira jaka, a rataye. In akwai irinta a wurin, da asuba za ka tarar da maza sun maƙale. Ni aka ba ratayawa.

Kwana uku, kwandunan yamma shida ba ko ɗaya. Baba har da hamdala. Feito ya ce, "Adamu, lafiya lau ke nan? Faɗi in tafi."

Na ce, "Sinyo," wato ranka ya daɗe, "a ƙara mini kwana biyu."

Baba ya ja ni gefe. "Kai ɗan nan, wasiwasinka na alwala ne ka kawo kurmi? An ba mu, karɓi!"

"Baba, in matan ne ba sa kira fa?"

Na kwashe kwandunan na kai gabas, inda kowa ya san ƙwarin na nan. Huɗu suka cika. Biyu ko ƙuda. Ashe maza sun riga sun sadu da su tun a rumfar da muke ajiye kwanson, kuma wadda aka sadu da ita ba ta sake kira. Laifina ne, ban raba su da wuri ba, kuma da bakina na gaya wa feito.

Na sa sababbin mata a gurbin biyun nan, na mayar da kwandunan yamma. Kwandon bakin rafi ya kama maza. Bishiya tara muka sare a wurin, sauran kurmin ya tsira. Da mun ce lafiya lau, da baɗi babu abin da zai rage.

Ku masu tasowa, shirun tarko ba shaida ba ne sai kun gwada tarkon. Baba bai taɓa cewa na yi daidai ba. Amma daga ranar, ko feito ya tambaye shi abu, sai ya ce, "Bari Adamu ya gama damuwarsa tukuna."