Simintin da Nish Shafa ma Zauren Kakana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in sauke wanga nauyi, yau dai Allah ya nufa. Ni ɗan gidan magina na a Wurno. Kakana magini, ubana magini, kuma da ubana yar rasu ina ƙarami, ƙanenai da muke kira Baffa shi yar riƙe ni, shi yas sa mani ƙasa a hannu. Zamanin Turawa, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, nit tafi Sakkwato niy yi shekara huɗu ƙarƙashin wani Bature mai zanen gine-gine. Na koyi awo, na koyi karanta takardar gini, na koyi kwaɓa siminti. Nik komo gida da gajeren wando da fensir a kunne, kai ya kumbura, duk ginin ƙasa ya zame mani abin kunya. Wallahi in na tuna wancan saurayi, dariya da haushi su ka kama ni tare.

A unguwarmu akwai wani tsohon zaure na gidan malamai, mai baka biyar, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, wanda kakana yag gina da tubali da azarar giginya. Nan Malam ke ba da karatu, nan kuma littattafan gidansu suke, rubutun hannu na kaka da kakanni, jere cikin alkukin bango. Kowace shekara kafin ruwa shi sauka, unguwa kan taru a yaɓe zauren, a shafe shi da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, Baffa na tsaye shina nuna inda za a ƙara hannu. Ni kuwa sai nig ga wahala ta banza. Nij je ga hakimi da Malam nic ce masu in anka bar ni nish shafe zauren da siminti tun daga rufi har ƙasa, an gama da yaɓe har abada. Bakina ya iya zance, sunka yarda.

Baffa yak kira ni gefe, cikin sanyin murya, yac ce ɗana, bangon ƙasa shan ruwa shike shina fitar da shi, kamar yadda mutum ke gumi, in ka sa mai rigar da ba ta shan iska, ruwan da yas samu ƙofar shiga ba shi samun ta fita. Da na yi shiru da ya fi mani. Amma ina! Sai da nij jira mutane sunka taru, sannan nic ce zamaninsu ya wuce, kuma abin da ke cin shi bai wuce tsoron a daina nemanai duk shekara ba. Mutumin da yac ciyar da ni fa! Yac ce to, Allah shi kyauta, yaɗ ɗauki sandatai yaw wuce.

Aiki yay yi kyau, ba ni musu. Zaure yaf fito sumul, fatake masu zuwa Goronyo kan ratse su kalla, mutanen Rabah sunka fara aiko mani. Anka laƙa mani Injiniya, ni ko ina amsawa da ƙarfi. Damina ɗaya taw wuce, ta biyu taw wuce, babu abin da yam motsa. Abin da ke ba ni haushi ɗaya na: duk safiyar da anka kwana ruwa, sai in hangi Baffa shina zagaya zauren shina ƙwanƙwasa bango da sanda. Nic ce ma matata ga tsoho can hassada ta hana shi zama.

Damina ta uku anka yi marka kwana da kwanaki. Wata Alhamis bayan azahar sai ga Baffa ƙofar gidana, jiƙe sharkaf, yac ce in biyo shi yanzun nan. Yak kai ni bangon gabas, yas sa nik kara kunne, yab buga. Nij ji ƙara kamar ta ƙwaryar da ba komi ciki. Yab ba ni ƙusa yac ce in huda. Ina hudawa sai ga ƙasa na tsiyaya kamar kunu. Ruwa ya shiga ta 'yan tsage-tsagen rufi shekara uku, ya rasa hanyar fita. Nit tsaya ina salati. Baffa yad daka mani tsawa, yac ce mi nike jira, nadama tana da ranarta, yanzu littattafai. Munka fitar da Malam da masu ɗaukar karatu, munka riƙa kwasar littattafai cikin rigunanmu. Ba a kira la'asar ba bangon gabas yaz zame, yat tafi da baka ɗaya. Ko ɗan yatsa ba a rasa ba, ko warƙar littafi ɗaya ba ta jiƙe ba, alhamdu lillahi.

Kashegari anka kira ni gaban hakimi. Malam, cikin fushi, yac ce saura ƙiris in binne mai ilmin kakanni huɗu. Dattawa sunka ce a hana ni taɓa gini a ƙasar baki ɗaya, ni kaina na san na cancanta. Hakimi yaj juya ga Baffa yac ce shi anka ci ma mutunci, shi yanke. Nis sunkuyar da kai ina jiran sakayya. Baffa yac ce, ranka shi daɗe, shi ma shina da laifi, don ya koya mani yadda ake yi bai taɓa zama shi gaya mani dalili ba sai da lokaci yaƙ ƙure. Yac ce kuma duk cikin samarin magina ni kaɗai nig ga cikin bango shina ruɓewa da idona, wanda yag ga wannan ba shi sake wasa da ruwa, don haka in za a tada zauren, ni za a ba. Kuka yak kubce mani gaban jama'a, ban ji kunya ba.

Da rani munka kama aiki. Da hannuna nis sassaƙe simintin nan kaf, Baffa na zaune bisa tabarma, don hannunai ya fara rawa, shina gaya mani dalilin kowane abu: don mi ake barin ƙasa ta kwana bakwai a jiƙe, don mi ake kwantar da azara haka ba haka ba. Nan nir roƙe shi gafara. Yay yi dariya yac ce ya yafe tun ranar, amma in daina sa fensir a kunne in ba rubutu za ni yi ba. Baka huɗu munka ceto. Na biyar ɗin ni nis sake ɗaura shi, sai dai adon da kakana yaz zana a jikinai ya tafi ke nan, Baffa kansa bai iya shi ba. Shekara biyu bayan haka Baffa yar rasu, Allah shi kai haske kabarinai.

Na yi gini shekara da shekaru bayan nan, da ƙasa da siminti duka, don siminti ba shi da laifi a inda yad dace. Abin da nike gaya ma matasa masu takardar gini shi na: in kun iske tsohon gini tsaye, ku tambayi masu kula da shi mi yat tsayar da shi kafin ku kawo gyara, kuma kada ku ci mutuncin dattijo don kun koyo sabon abu. Ni na samu wanda yar rufa mani asiri, ba kowa ke samu ba. Har yau in baƙi sunka shiga zauren suna yaba aikin kakana, nakan nuna masu bakan gabas, wanda ba shi da ado, in ce masu wannan nawa na, sannan in ba su labarin Baffa.