Obadiah Mai Hawan Ƙarfen Sabis

Kafin 'yan kasuwar Gwagwalada su gama baje kaya, Obadiah Danladi ya riga ya zauna a ƙofar gidansa yana bin igiyar hawansa da yatsa, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Sai ya tabbatar babu inda ta ci sannan yake ɗaukar kokon da matarsa Perpetual ta ajiye masa tun da zafinsa. Ta daɗe da daina mita. Cewa take gara ya sha koko da sanyi da ita ta shiga takaba. Daga nan sai ya ɗaure kaya a bayan babur ya kama hanya: yau Sheda, gobe Kwali, jibi bayan wani katafaren gida a Maitama.

Aikinsa hawan ƙarfen sabis ne, dogayen turakun nan masu ja da fari waɗanda in suka yi fushi sai wayoyinmu su koma madubi. Ya fara tun zamanin da layin waya sai wane da wane. Ƙarshen watan nan zai sauka gaba ɗaya, don gwiwa ta fara kai ƙara. Shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa yana ji da kunnensa.

Matan da ke shanya rogo a bakin titin Sheda su suka raɗa masa suna Gidan Rediyo. In yana can sama yana ɗaure eriya ya hango hadari ya taso daga gabas, sai ya sa yatsu a baki ya rangaɗa fito. Kafin ɗigon farko ya faɗo, sun kwashe shanyarsu tsaf. Ba wanda ya ɗora masa wannan aiki, ba ya kuma cikin albashi.

Amma labarin da ya fi yawo shi ne na Paikon Kore. Wata ranar bazara sabis ya ɗauke a garin, manoman doya suka kasa kiran direbobin da za su kwashe musu kaya. Aka turo Obadiah da abokin aikinsa George, magidancin da aka yi wa haihuwa a makon. George ya ce shi zai hau, Baba Obadiah ya tsaya ƙasa ya duba janareta. Ashe ƙudan zuma sun tare a akwatin da ke can ƙololuwa. Yana buɗewa suka yi masa ca. Mutanen da suka taru suna hango shi maƙale da ƙarfe yana kaɗa hannu, can sai hannun ma ya daina motsi.

Ana ta salati, wasu na kiran Yesu, Obadiah ya juya ya tambaya ko akwai mai kiwon zuma a garin. Aka ruga aka kira Malam Maharazu, wanda amyoyinsa ke bayan gonaki. Ya zo da busasshen kashin shanu a tsohon gwangwani, ya hura shi har hayaƙi ya turnuƙe. Iyatu mai kunu kuwa ba ta jira an roƙe ta ba, ta cire mayafinta ta miƙa. Obadiah ya lulluɓe fuska da shi, ya rataya gwangwanin a ƙugu, ya kama ƙarfe. Waɗanda suka gani sun ce da ba don rai ne a sama ba, da an sha dariya: dattijo da furfura, sanye da mayafi ruwan hoda, hayaƙi na binsa kamar tsohuwar mota.

Ya tarar da George idanu sun kumbura sun rufe, numfashi da ƙyar.

"Oga Obadiah, ba na ganin komai," in ji shi.

"Ba ka yi asara ba, ƙanena. Ni kaɗai ne a nan, ka kuma san ba ni da kyau. Riƙe wuyana, mai jego na jiranka."

Daga baya George ya ce wannan magana ce ta hana shi sakin ƙarfen. Obadiah ya ɗaure shi a jikinsa, suka riƙa saukowa a hankali, ragowar zumar na huce haushi a kunnensa da ya leƙo ta gefen mayafi. Suna taɓa ƙasa aka garzaya da George asibiti a motar doya. Ranar sunan jaririn, George yana tsaye da ƙafarsa yana raba shinkafa. Kunnen Obadiah kuwa ya yi mako kamar fanke, har Perpetual ta ce yanzu kam ba shi da hujjar cewa bai ji aikenta ba.

Bai yarda a kashe zumar da feshi ba. Shi da Malam Maharazu suka lallaɓa su da hayaƙi suka mai da su cikin sabuwar amya, sannan ya gyara sabis ɗin. Har gobe ana sayar da zumarsu a Paikon Kore, ana ce mata zumar sabis. Masu barkwanci na cewa wanda ya lasa, daga gona zai kira matarsa ba da waya ba.

Baba Obadiah, kai ne ka sha rana a inda babu inuwa don uwa ta ji muryar ɗanta daga Legas. Kai ne gadar da ake bi ba a san sunan maƙerinta ba. Ba ka taɓa tambayar addini ko yaren wanda zai amsa waya ba kafin ka hau. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba gwiwa lafiya, Ya bar ka da Perpetual.

Mu kuma da ke ƙasa, in mun hango mutum rataye a ƙarfe tsakar rana, kada mu tsaya ɗaukarsa hoto kawai. Mu jira shi da ruwan sanyi da sannu da aiki. Masu tasowa a kowace sana'a, ku koyi halin mutumin da in abokinsa ya maƙale, ba ya tsayawa neman wanda zai aika.

Ka hau mana shekara da shekaru, Baba. Sauka lafiya.