Kuɓewar Inna da Attarugun Kawu

Mun tashi da asuba daga Birnin Kebbi, ni da maigidana da ƙanwata, kuma ba komai ya tashe mu ba sai attarugu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tun da ya yi ritaya daga koyarwa ya koma wata tunga kusa da Wara, shi da matarsa da muke kira Inna, wadda ita ma ta ajiye aikin ungozoma. Suka kama lambu a bakin tafkin Kainji. Tun bazara Kawu ya hana kunnena sakat a waya, kullum zancen ɗaya ne: attarugunsa ya yi fure, attarugunsa ya fara ja, babu irinsa a ƙasar Ngaski kaf. Daga ƙarshe ya ce in ban zo na gani da idona ba, ya cire ni daga cikin 'ya'yansa. Ni kuwa daman neman dalili nake.

Hanyar Jega zuwa Koko mun sha ta da daɗi, in ban da ramuka da maigidana yake gaisawa da kowanne. Da muka shiga ƙasar Shanga sai duniya ta koma kore shar, shinkafa dama da hagu, ga masu gasa masara a bakin titi. A Yelwa ƙamshin kifin banda ne ya fara yi mana maraba. Ƙanwata ta ce a bar mata ciniki, ita gwana ce. Ta yi ta ja da mai kifi har 'yan acaba suka tsaya kallo, ta ƙare ta saya a yadda ya faɗa tun farko, ta dawo tana cewa ai ya yi mata gyara. Daga nan muka ɗauki hanyar Ngaski, wadda damina ta ci rabinta.

Na zaci zan tarar da tabarma a shimfiɗe da fura a ƙwarya. Sai na tarar da Inna a ƙofar gida ta ci ɗamara, da daro a kai, Kawu ya naɗe wando zuwa gwiwa. Ko gaisuwa ba mu gama ba suka ce ruwa ya taso.

Ga yadda abin yake. Da bazara tafkin yana ja da baya, ya bar ƙasa baƙa mai danshi, mutane su bi shi suna shuka. In damina ta yi nisa sai ya dawo ya karɓi kayansa. Kowa ya san da haka, amma bana ya yi sammako. A daren jiya kawai ya yanke hanyar ƙafa, lambun ya koma tsibiri. Wani maƙwabcinsu masunci ya yarda ya kai mu a kwalekwalensa, amma ya nuna gabas inda hadari ya fara haɗuwa, ya ce tafiya ɗaya ce, ba zai sake fita ba in iska ta taso.

Gaskiya ni murna ta kama ni. Rabona da kwalekwale tun ina yarinya. Ƙanwata kuwa ta ƙanƙame gefensa tana karanto duk addu'ar da ta sani, har da ta cin abinci.

Lambun ya cancanci yabo. Ga alayyafo, ga yakuwa, ga gauta, sannan ga attarugun Kawu jajir, reshe har yana sunkuyawa. Ashe ba cika baki yake yi ba. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jiran in yi magana, na yaba har ya ce ya isa. Amma Inna ko kallon wajen ba ta yi ba. Ta wuce can ƙasa, inda ruwa ya riga ya fara lasar kunya, ta tsaya a kan wasu 'yan tsirarun kuɓewa da aka ɗaura wa jan tsumma.

A nan na ji labarinsu. Kuɓewa ce gajera, mai kauri, mai ɗan ja a baki. Mahaifiyar Inna ce ta ƙullo irinta a bakin zane lokacin da aka tashe su daga tsibirinsu saboda madatsar ruwa, Inna tana ƙarama. Garin yana ƙarƙashin tafkin nan yanzu. Tun daga lokacin kowace shekara ake barin manyan 'ya'ya su bushe don baɗi. Ragowar irin da Inna ta adana a gida bayan shuka kuwa ɓeraye sun cinye, saboda haka abin da ke tsaye a gabanmu shi kaɗai ya rage, kuma bai gama ƙosawa ba.

Maigidana, da zuciya ɗaya, ya zaro wuƙa ya ce a yanke a shanya a gida. Inna ta riƙe masa hannu.

"Ɗana, in ka yanke ta yanzu ta zama ta miya. Iri ba shi barin uwatai sai ya bushe."

Muka yi cirko-cirko. A bar ta, ruwa ya ci. A yanke, ta mutu. Kawu ya daɗe yana kallon matarsa, sannan ya ce to a ɗauke ta da uwar gaba ɗaya, a haƙo kowace da ƙasarta a dasa a bayan ɗaki. Masuncin ya dubi sama ya ce lokacin da ya rage ba zai isa a yi haƙa a kuma tsinki attarugu ba, sai dai a zaɓi ɗaya. Buhunan da Kawu ya zo da su suna rataye a kafaɗarsa. Ya sauke su ya miƙa wa maigidana.

"Ku sa saiwar cikin buhunnan ga. Attarugu akwai shi kasuwar Yelwa."

Jama'a, ban taɓa aiki irin na ranar ba. Kawu da maigidana suna haƙa da fartanya, ni da Inna muna tallabo kowace da taɓonta kamar jinjiri, ruwa yana shigar mana tsakanin yatsu. Inna ta koma ungozomarta sak, tana ba da umarni, a hankali, kar a ja, a riƙe ta ƙasa. Ƙanwata ta manta da tsoro, ta tsinko attarugu cikin gyalenta iya abin da hannu ya kai, da ɗan alayyafo. Muka taso kwalekwale ya yi nauyi, ganye ya rufe mu, iska tana bin bayanmu. Muna taka tudu aka tsuge da ruwa, mu kuwa dariya muke ta yi kamar yara. A cikin ruwan muka dasa su.

Da la'asar Inna ta hura murhu a rumfa. Ta tsinke ƙananan 'ya'yan kuɓewar masu taushi, ta ce gara uwar ta huta ta ji da manyan. Ta kaɗa miya da daddawa da 'yar kanwa da ragon ruwa da masuncin ya aiko, ni na tuƙa tuwon shinkafa. Yauƙin miyar nan sai ka ɗaga hannu sama kafin ya tsinke. Kawu ya ce shi zai daka attarugunsa da kansa, ba mai taɓa masa. Ya zauna gaban turmi yana daka yana atishawa, hawaye na zuba, yana cewa kun ga ƙarfinsa ko. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, don wata da watanni ya yi yana renon abin nan. Da aka zuba abinci Inna ta tsamo kan kifin ta sa a gabansa, ta ce baɗi ita za ta yi wa attarugunsa ban ruwa.

Da safe muka leƙa bakin tafki. Babu lambu, sai kawunan attarugu ja-ja a saman ruwa. Kuɓewar bayan ɗaki kuwa ta yi laushi, ganye ya langaɓe, Inna ta ce sai abin da Allah ya yi. Haka muka kamo hanya jiki duk ciwo, muka iso gida bayan magariba.

Na tafi da tunanin ritaya zaman hutu ce, na dawo na san ba haka ba ne a gidan Kawu. Na kuma ga yadda mutum yake barin nasa don na matarsa ba tare da dogon zance ba, na kuwa tabbatar maigidana ya gani shi ma.

Shekaranjiya waya ta yi ƙara. Kawu ne, ya ce in yi shiru in saurara. Sai na ji wani abu caka-caka a kunnena, an girgiza, an sake girgizawa. Can na ji muryar Inna tana dariya.

"Kin jiya? Ta bushe, ɗiyata. Ki aiko a kai miki naki."