Had-dis ɗin Warra Da Ya Ƙi Goguwa

Jama'a, a shekarun da nake da shagon kwamfuta a bakin kasuwar Yelwa, lokacin kwamfuta tana sabon shiga gari, ba a haifi na'urar da ta gagare ni ba. Ko daga Birnin Kebbi aka kawo ta a sume, in na yi mata tsawa sai ta farka ta gaishe ni. To abin da zan ba ku yau, wallahi tallahi ya faru da ni, da rana tsaka kuma, don kar wani ya ce gyangyaɗi na yi.

Wani mai ɗaukar bidiyon biki daga Warra, Ɗanjuma, ya shigo da had-dis, wato ɗan akwatin ajiyar nan da ake jonawa da kwamfuta ta waya. Ya ce da kwamfutar wansa mai tambarin tuffa aka saba aiki da shi, tasa mai Windos ba ta ganinsa, ga shi yana da ɗaurin aure a Ngaski ranar Juma'a, ba shi da wani wurin zuba aikin, in ya rasa bikin nan kuma ya rasa masu kiransa. A goge komai, a sa shi a tsarin da duka biyun za su karanta.

Na ce, "Ɗan'uwa, zauna, kafin ka gama ɓare gyaɗar nan an gama."

Na jona, na danna fomatin, wato a goge komai, sai kwamfuta ta ce ba za a iya ba, wai akwai mai amfani da shi. Wa? Ni kaɗai ke zaune. Na kashe na kunna, na sake waya, na kai kan ɗaya kwamfutar, maganar dai guda. Can na zare wayar gaba ɗaya, amma abin nan bai daina juyawa a tafin hannuna ba, ga sanyi kamar an tsamo shi daga randa, shagon kuma ya ɗauki ƙarnin laka irin na bakin ruwa.

Ashe ya zo da kwamfutar wan nasa a jaka, na ce a ɗauko ta. Muna jonawa ya buɗe, fayil ɗaya tak, bidiyo, kwanan watan ranar ne a jikinsa, kuma girmansa ƙaruwa yake muna kallo. Na danna. Ruwa ne kore shar, yashi a ƙasa, ƙananan kifaye na giftawa, daga sama ana jin bugun filafilin tuƙa jirgi. Sai wani hannu fari fat ya zo a hankali ya share fuskar kyamarar.

Na ce, "Ɗanjuma, ina wan naka?"

Ya sunkuyar da kai. "Oga, jirgi ya kife da shi wajen Shanga, da kyamararsa. Ba a gan shi ba tukuna. Inna ta ce kayan wanda ruwa ya riƙe ba a taɓa su sai ya fito, ni ko na ce mi ya haɗa ruwa da na'ura."

Ban san lokacin da na tsallake benci ba.

Bikin Ngaski dai wani ya ɗauka. Bayan masunta sun tsinci mamacin an yi masa sutura, Ɗanjuma ya dawo da had-dis ɗin, dannawa ɗaya ya gogu. Har yau ban san abin da muka kalla ba, kuma in na hau jirgi ba na leƙa ruwa. Ku masu sana'ar nan, kafin ku goge abu, ku tambayi inda mai shi yake.

Ranar dai da na faɗo waje ina salati, tsohuwar da ke suyar kifi a ƙofar shagona, wadda komai a kunnenta aka yi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, je ka canza wando. Ko na cikin ruwan bai jiƙe kamar kai ba."