Sanarwar Mikati

Har gobe ina tuna ranar da na tsaya wa mutumin da nake ganin ya zo ƙwace mini aiki. Lokacin ina sakataren ƙungiyar matuƙan jirgin sama na kamfaninmu, a tsakiyar shekarun 2010. Kamfani ya fara ba wani ƙaramin kamfani kwangilar jigilar alhazai, don matuƙansu sun fi mu araha kuma ba su da ƙungiya. 'Yan kabu-kabun sama muke ce musu. Ko gaisuwarsu da ƙyar nake amsawa.

Ga wanda bai sani ba, jirgin da ya nufi Jidda yakan ratsa ta kan mikati, wato iyakar da alhaji zai ɗaura niyya. Matuƙi ne ke sanarwa. Mu a bakin manyanmu muka koya, ba wanda ya koya wa waɗancan. Wani matuƙinsu, Kyaftin Bello, ya wuce bai ce uffan ba. Sai da aka kwashi alhazai a motoci aka mayar da su mikati, tsofaffi suna ta kuka.

Aka kira taro a masaukinmu na Shisha, a Makka, don a kore shi. Shugaban ƙungiyarmu ya ce mu yi shiru, faɗuwarsu ribarmu ce. Ni ma da farko na ji daɗi. Amma da na iske Bello a ɗakinsa na Ka'akiyya, sai na zauna na saurare shi. Jirgin kaya yake tuƙawa, aka ɗauko shi ba bayani, ba hutu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba korar ce ta fi damuna ba. Ibadar mutane na taɓa."

A taron na miƙe na tambayi manajan kamfaninmu wa ya ba Bello horo. Ya hau kame-kame. Raina ya ɓaci, na ce, "Yallaɓai, arha kuka saya, ga kayanku nan. In an kore shi, ku nemo mai mayar da alhazai gida, don mu ba za mu tashi ba." Shugabanmu ya harare ni, amma ya miƙe, sauran ma suka miƙe. Ba a kori Bello ba, kuma aka amince duk matuƙin da zai ɗauki alhazai sai ya fara zama kusa da ɗayanmu. Kwangilar dai ba ta dawo mana ba.

Abin da na koya shi ne ƙungiya kujerar tuƙi take karewa, ko wa ke kanta. Bayan na yi ritaya na tafi Umra a kujerar fasinja. Muna kusa da mikati na ji muryar Bello. Ya sanar, ya maimaita, ya ƙara, har makwabcina ya ce wannan direban akwai naci. Na ce masa ɗan ƙungiyarmu ne.