Tsagen Habboba

Tun safe murna ta hana ni zama, sai leƙa titi nake. Yau za a kai zanen jikata Safiya baje koli Kassala. Safiya ce ta zana kakarta, wato matata, daga tsohon hoto, ta yafa mata tob, dogon mayafi, irin na mujalla.

Mota na isowa, sai matar tawa ta tare ƙofa tana nuna zanen.

"Wannan 'yar tallan sabulu ce. Ina tsagena?"

"Habboba, a hoton ma babu," in ji Safiya, don haka ake kiran kaka a nan.

"Mai studiyon ne ya goge, wai zamani. Ke ma goge ni za ki yi?"

Safiya ta ɗauko burushi ta mayar da tsagen. Zanen ya tafi da ɗanyen fenti, tsohuwa tana gargaɗin direba kada ya taɓa mata fuska.

Jama'a, ku duba tsofaffin hotunanku. Me aka goge muku?